Cinikin babur na hannu, daga Udoji zuwa Baljiyam

Mu da muka tashi a Kano mun san kuɗin Udoji ne suka cika gari da babura. A 1975 gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, sai malaman makaranta da akawuna suka jingine kekunansu na Raleigh, suka hau Honda da Suzuki da Vespa, sababbi dal.

A lokacin Japan ce ke riƙe da kasuwar duniya. Tun 1969 Honda ta fitar da CB750 mai silinda huɗu, kakan manyan baburan gudu na yau. Kafin tsakiyar shekarun 1970, tsofaffin kamfanonin Ingila irin su BSA sun durƙushe.

Tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 ne ya sauya lissafi. Naira ta faɗi, sabo ya fi ƙarfin ma'aikaci, sai 'yan kasuwa suka koma shigo da waɗanda aka hau a ƙetare, ta Legas da Kwatano, muna ce musu Baljiyam. Su suka ɗauki nauyin acaɓa, har Jincheng ta China da Boxer ta Bajaj daga Indiya suka zo da sabo mai araha. Daga nan kasuwar Baljiyam ta fi karkata ga manya, irin su CBR da Ninja, waɗanda sabonsu sai wane da wane.

Sunayen da ke jikin tanki sun yi ta canzawa, amma ciniki yana nan yadda na gan shi tun ina yaro. Ba a zuwa sai da dillali da bakanike. Bakaniken kirki ba ya fara tayar da inji. Bayan hannu yake ɗorawa a kan injin tukuna. In ya ji ɗumi, to an riga an ɗumama shi don kada a ga wahalar tashinsa da safe. Sannan ya tayar, ya tsuguna bayan salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin inji yana shan baƙin mai. Ya shafa ƙarshen kambu da matakin ƙafa, domin babur mai gudu in ya taɓa shan ƙasa, can tabon yake zama ko an sake fenti. Kamar dai yadda ake buɗe bakin doki a duba haƙora. Sai a gwada lambar inji da ta rasit da takardar kwastan, a kira shaidu, mai shi ya ce ya sallama, dillali ya karɓi la'ada.

Ni dai shawarar da na fi ji daga bakin tsofaffin makanikai ita ce a tambayi kayan gyara kafin kuɗi. Na Boxer ko a ƙauye akwai. Na Ninja kuwa sai a yi makonni ana jiran saƙo daga Legas.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, baburan lantarki suka yawaita a Kano, har sun fara shiga kasuwar na hannu. Su ba hayaƙi, ba ƙarar inji, kuma batirin da ya gaji ba ya nunawa a ido. A wannan ciniki, dillali da bakanike duk ɗalibai ne.