Amsar Wasiƙa: Sarkin Da Ke Jikin Bango

Wani mai sayar da tumatir daga Bunkure ya rubuto yana tambaya a kan hoton sarki mai rawani da ake liƙawa a bangon shaguna, an rubuta "Sarki Alhaji" a ƙasansa. Wai shi ne ya kawo mana ruwan noman rani?

To, malam, wannan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne, mahaifin Sarki Sanusi na ɗaya da Sarki Ado Bayero. Ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, duk a zamanin Turawa. Shi ne Sarkin Kano na farko da ya sauke farali yana kan gado, shi ya sa aka yi masa wannan laƙabi.

Ruwa kam ya kawo, amma na famfo ne, wanda aka jawo daga kogin Challawa zuwa birni a 1931. Da kuɗin wa? Da kuɗin Baitulmalin En'e, wato haraji da jangalin da dagatai suka tara daga hannun kakanninku, waɗanda suka sayar da gyaɗa da hatsi don su biya. Ƙauye ya biya, birni ya sha.

Ruwan da ke bi ta Kadawa da Kura kuwa daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako.

Saboda haka a bar hoton a bango, a yi wa Sarki addu'a. Amma in yara sun tambaya, a gaya musu har da gumin manomi. Allah ya ba mu damina mai albarka.