Dokin da Ke Ɗauke da Cuta Yana Cin Harawarsa

In ka taɓa ganin dawakan hakiman Bichi ko Dambatta a turke ana shirin hawan Sallah, ka ga irin cunkoson da wata tsohuwar cutar dawaki ke so: cutar ƙarancin jini mai yaɗuwa.

A Faransa aka fara bayyana ta a 1843. Doki ya yi zazzaɓi, ya rame, jininsa ya ƙare, ba a san dalili ba. Sai a 1904 Vallée da Carré suka nuna cewa bairas ce ke jawo ta. Yau mun san dangin HIV ce, amma ba ta kama mutum. Doki da jaki da alfadari take kamawa.

Abin da ya daɗe yana ruɗa masu dawaki shi ne dokin da ya warware. Yana cin harawa, yana sukuwa, alhali ƙwayar na jikinsa har mutuwa. Manyan ƙudaje masu cizo, irin su bobuwa, su kwashi jininsa su kai wa na kusa. Allurar da aka yi wa dabbobi da yawa ma haka take yi. A 1947 cutar ta ɓarke a filin sukuwa na Rockingham Park a Amurka, aka yi asarar dawaki 77.

A 1970 Leroy Coggins na Jami'ar Cornell ya fito da gwajin jini mai gano irin wannan doki. Tunda babu magani, dokar Amurka ta zama ko a kashe dokin, ko a killace shi tsawon rayuwarsa, yadi 200 daga sauran. Dalili kuwa, ƙudan da aka kora yana tsakar shan jini dabba mafi kusa yake nema, ƙwayar kuma ba ta daɗewa a bakinsa.

To, auna yadi 200 a ƙauyukan arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, jakin maƙwabci na ɗaure bayan dangarka. Da wuya ka samu. Shi ya sa rigakafi ya fi sauƙi a nan. Sabon dokin da ka sayo, ware shi, likitan dabbobi ya ɗebi jininsa kafin ya shiga barga, musamman da damina lokacin ƙudaje. Kowace dabba kuma da sabuwar allurarta.