Matsayin Matar Shugaba Tsakanin Aro da Gado

Duk wanda ya binciki kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 tun daga farkonsa har ƙarshe, yana neman ayar da ta ambaci ofishin matar shugaban ƙasa ko na matar gwamna, ba zai same ta ba, alhali kuwa da wuya a sami jiha a ƙasar nan da ba a ga wannan ofishi da ma'aikatansa da jerin motocinsa da jiniya. Wilaya ce wadda shari'a ba ta naɗa ba, jama'a kuma ba su zaɓa ba. Saboda haka ya wajaba a tambaya daga ina ƙarfinta yake fitowa.

Mutanen ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, waɗanda suka ba rundunar sojan Nijeriya manyan hafsoshi irin su Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan Bauchi kafin ya hau gadon sarautar Zuru, da Tanko Ayuba, da Ishaya Bamaiyi, sun fi kowa sanin cewa asalin wannan al'ada a bariki yake. Maryam Babangida ta fara jagorantar ƙungiyar matan hafsoshin soja ne lokacin da mijinta yake shugaban rundunar sojan ƙasa, sa'an nan a 1987 ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara, ta shimfiɗa shi bisa tsarin da ta sani, inda darajar mace take bin aninan kafaɗar mijinta: matar gwamna ta riƙe jiha, matar shugaban ƙaramar hukuma ta riƙe yankinta. Da mulki ya sauya, Maryam Abacha ta zo da shirin tallafa wa iyali a 1994, kowace kuma da ta biyo baya ta zo da sunan nata. Abin da ya tsira daga cikinsu shi ne wanda aka danƙa wa hukuma da doka, kamar Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda aka buɗe a 1999 bayan mai ƙudurinsa, Maryam Abacha, ta bar fadar mulki.

Abin da ya rage wa karkara kuwa kowa ya san siffarsa. A kafa rumfuna, mata su yi anko da atamfa mai hoton uwargida, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe a gaban kujerun manyan baƙi, mawaƙi ya wasa ta, sanƙira ya kirga alherinta, mai ɗaukar hoto ya tsayar da tsohuwa ta riƙe buhun shinkafa har sai an gama ɗauka, kafin magariba kuma hoton ya cika Facebook. Ba na cewa kyautar banza ce, gama keken ɗinki ya sha ciyar da marayu. Amma malamai sun daɗe da rarrabe sadaka da riya, kuma idan dukiyar daga baitulmali ta fito, to haƙƙin talakawa ne aka mayar musu da sunan kyauta, har ana jiran su yi godiya.

Tarihin ƙasar nan yana da wani misali dabam. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, matar Waziri Giɗaɗo ce, kuma ba a musun cewa gidan da ta fito da wanda ta shiga sun buɗe mata ƙofofi. Sai dai jajojin da ta naɗa, tana ɗora musu malfa da jan ƙyalle, suna tafe ƙauyuka suna karantar da mata, iliminta suke ɗauke da shi. Giɗaɗo ya rasu a 1851, ita ta rayu har 1864 tana kan aikinta, bayan wafatinta kuma 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da wannan ƙungiya ta 'Yan Taru. Da a ce matsayin miji ne jigon al'amarin, da ya rushe tare da shi.

A Jihar Kebbi ta yau, wadda ta fi kusa da wannan siffa ita ce Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara, wadda ta kafa gidauniyar yaƙi da ciwon daji ta Medicaid tun kafin mijinta ya zama gwamna a 2015, ta ci gaba da ita bayan ya sauka a 2023, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da cutar ta duniya da ke Janeba. Haƙiƙa kujerar gwamna ta ƙara wa muryarta nisa, amma sana'ar tata ce. Duk da haka, macen da ke Wasagu ko Sakaba a cikin jihar, wadda ta ji ƙullutu a ƙirjinta, ba ziyarar shekara take bukata ba. Tana bukatar asibitin kusa mai ma'aikaciyar jinya da kayan gwaji, wanda kasafin kuɗin jiha ya ɗauki nauyinsa, kuma wannan nauyi a wuyan gwamna da majalisarsa yake, ko yana da mata mai himma ko ba shi da ita.