Yadda Jam'iyyu Biyu Ke Rasa Kakagida: Nazari Kan Birtaniya

A zaɓen 1951, jam'iyyun Leba da Conservative sun kwashe kusan kashi 97 cikin 100 na ƙuri'un Birtaniya. A 2024, abin da suka samu a haɗe bai kai kashi 60 ba. Alhali tsarin zaɓen majalisar yana nan yadda yake: kowace mazaɓa kujera ɗaya, wanda ya fi yawan ƙuri'a ya lashe. Wannan tsarin ne masanin Faransa Maurice Duverger ya ce yana haifar da jam'iyyu biyu, tunda mai zaɓe ba ya son ƙuri'arsa ta tafi a banza. Maganarsa gaskiya ce, sai dai ƙarfinta a cikin mazaɓa ya tsaya. Tana rage masu takarar gaske zuwa biyu a kowace mazaɓa, amma ba ta ce lallai su zama 'yan jam'iyyun nan biyu a faɗin ƙasa ba.

Ta wannan kafa sababbin jam'iyyu ke shigowa. Kowace babbar jam'iyya gamayya ce ta masu ra'ayi daban-daban da tsoron faɗuwa ya haɗa. Muddin gardamar ƙasa ɗaya ce, wato ma'aikata da masu jari, gamayyar na riƙe kanta. Da zarar wata tambaya ta taso wadda ta raba kowace jam'iyya gida biyu, sai bango ya tsage. Batun Turai na cikin abin da ya sa Roy Jenkins da abokansa uku suka fice daga Leba a 1981 suka kafa jam'iyyar SDP. Batun 'yancin Scotland kuwa ya fi tasiri, domin magoya bayansa a wuri ɗaya suke. Sakamakon zaɓen 2015 ya isa shaida: jam'iyyar SNP mai neman 'yancin Scotland ta cinye kujeru 56 daga cikin 59 na Scotland, yayin da jam'iyyar UKIP, wadda ta ninka ta a yawan ƙuri'u amma a warwatse, ta tashi da kujera ɗaya tak.

Mai ja zai ce a 2017 manyan jam'iyyun biyu sun koma sama da kashi 80, kuma har gobe su ke fitar da firaminista. Haka ne, amma a wancan lokacin rigimar ficewa daga Tarayyar Turai ce ta sake tattara jama'a sansani biyu, kuma tattaruwar ba ta ɗore ba. Rinjayen kujeru ma ba shaidar yardar jama'a ba ne. A 2024 Leba ta samu kujeru sama da 400 cikin 650 da kimanin kashi 34 na ƙuri'u, Reform UK kuma ta samu biyar da kashi 14. Wannan giɓi abin damuwa ne ga duk mai kishin wakilci na adalci. Masu zaɓen Birtaniya sun riga sun rungumi jam'iyyu da yawa. Dokar zaɓe ce ta rage a baya, kuma ita ta cancanci gyara.