Ciwon Mara Mai Daɗewa ga Mata: Yadda Ake Gano Shi da Maganinsa

Likitoci suna kiran ciwon mara ko na ƙasan ciki mai daɗewa idan ya kai wata 6 yana damun mace, ko kullum ne ko yana zuwa yana tafiya. A karkara akan ce wa kowane irin ciwon mara “sanyi”, a tafi kemis a sayo kafso. Wannan kuskure ne, domin cututtukan da ke haddasa shi suna da yawa, kuma kowace da maganinta.

Akwai ƙwayoyin cuta da ke hawa zuwa mahaifa da bututun ƙwai, waɗanda ake ɗauka ta saduwa, ko bayan ɓari, ko haihuwar da ba a kula da tsafta ba. Idan aka yi sakaci sukan toshe bututun, su jawo rashin haihuwa. Akwai ƙarin mahaifa, wato faibroid, mai sa jinin al'ada ya yawaita. Akwai kuma endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa yake tsirowa a wajenta, ciwon ya tsananta lokacin al'ada da lokacin saduwa. Wani lokaci matsalar daga mafitsara ko hanji take. Mazauna bakin madatsun ruwa da wuraren noman rani su lura cewa tsargiya ma tana kama al'aurar mace, kuma sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin ciwon sanyi.

A asibiti za a tambayi mace yaushe ciwon ya fara, yadda al'adarta take, da tarihin haihuwarta. Kada kunya ta sa a ɓoye komai. Wadda ta fi son ma'aikaciya mace ta duba ta, ta faɗa. Daga nan sai gwajin fitsari, gwajin ciki, gwajin ruwan gaba da hoton ciki. Idan duk ba su nuna komai ba, babban asibiti yana iya leƙa cikin da ƙaramar kyamara ta wajen cibiya.

Idan ƙwayoyin cuta ne, akan yi allura ɗaya tare da magungunan sha na kwana 14. Wajibi ne a shanye su ko da an ji sauƙi, a kuma yi wa maigida magani, har da kishiyoyi idan akwai, in ba haka ba cutar za ta dawo. Tsargiya tana da ƙwayarta, firazikwantal. Faibroid da endometiriyosis kuwa, wani magani ya ishe shi, wani sai tiyata. Yawan shan maganin kashe zafi irin su ibufurofen ba da umarnin likita ba yana jawo gyambon ciki.

A garzaya asibiti nan take idan mace ta yi ɓatan wata sannan ciwo mai tsanani ya taso da jiri ko suma, domin cikin yana iya zama a wajen mahaifa. Haka nan zazzaɓi mai zafi tare da ciwon mara. Zubar jini bayan saduwa ko bayan daina al'ada yana buƙatar gwajin bakin mahaifa. Ana kira ga dagatai da masu unguwanni su ja hankalin magidanta kada kuɗin mota ko jiran izini su tsayar da mace a gida a irin wannan hali.