Harafi Ɗaya Cikin Biliyan Uku

A Nassarawo, kamar sauran unguwannin Mubi, idan maganar aure ta kankama akan sami wani cikin manya ya tambaya ko an yi gwajin jini. Takardar da ake karɓowa daga asibiti haruffa biyu take ɗauke da su, AA ko AS ko SS, amma sun isa su tsayar da kai lefe. Jihar Kano ma ta mayar da gwajin doka a 2024. Mutane da yawa suna bin takardar bisa dole, a ransu kuwa suna ganin sikila aikin iska ce, ko maita, ko wani aibi a jinin uwa, har a kira ta mai wabi idan 'ya'yanta suna ta rasuwa. Hujjar da ke rushe wannan zargi tana cikin tarihin yadda aka gano DNA da yadda jiki ke kwafarsa, kuma tarihi ne da ya shafe mu fiye da waɗanda suka yi binciken.

A 1869 Friedrich Miescher, a garin Tübingen na Jamus, ya tsamo wani sinadari, wato DNA, daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata, bai san shi ne ma'ajin gado ba. Sai a 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa a New York suka nuna cewa wannan sinadari ne ke sauya halin ƙwayar cuta ya kuma bi zuriyarta. Erwin Chargaff ya lura cewa cikin haruffansa huɗu, yawan A kullum daidai yake da na T, na G daidai da na C. A 1952, a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan, aka ɗauki hoton da ya fito da siffarsa, kuma da taimakon wannan hoto James Watson da Francis Crick suka bayyana tsarin a watan Afrilun 1953. Duk wanda ya taɓa riƙe igiyar ɗaure shanu a kasuwar Mubi ya san siffar: tufka biyu ne da suka naɗe juna. Bambancin shi ne kowane A a wannan tufka yana riƙe da T a wancan, kowane G yana riƙe da C. Idan aka warware igiyar, kowane ɓari ya isa a sake gina ɗan'uwansa daga gare shi. Franklin ta rasu a 1958, shekara huɗu kafin a ba mazan kyautar Nobel, kuma ya kamata a riƙa ambaton sunanta tare da nasu.

Sanin siffa bai faɗi wanda ke yin aikin kwafar ba. A 1956 Arthur Kornberg ya ware inzayim na farko mai kwafar DNA, wato folimares. Inzayim furotin ne da ke gudanar da aiki guda a cikin tantanin halitta, kamar magini ko maƙeri a gari. A 1958 Matthew Meselson da Franklin Stahl suka tabbatar cewa kowace sabuwar igiya rabinta tsoho ne, rabinta sabo. Daga nan aka yi ta gano sauran ma'aikatan. Helikes ne ke warware tufkar, wani kuma yana gabansa yana sassauta murɗewar da warwarar ke haifarwa. Folimares ba ya iya fara rubutu a kan fili, sai firaimes ya aza masa ɗan guntun mafari. Kuma hanya ɗaya tak yake tafiya, alhali tufkokin biyu suna fuskantar sassa daban-daban. Reiji da Tsuneko Okazaki, miji da mata a Nagoya ta Japan, suka nuna a 1968 cewa ɓari ɗaya guntu-guntu ake gina shi, sannan liges ya bi ya ɗinke. Abin da ya fi muhimmanci ga maganarmu shi ne folimares yana duba abin da ya rubuta, ya goge harafin da bai dace ba, wasu inzayim kuma su sake bin sawu. Bayan duk wannan, kuskuren da ke tsira bai wuce kamar ɗaya cikin haruffa biliyan ba.

To, ina sikila ta shigo? A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa sinadarin da ke ɗaukar iska a jinin mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. Vernon Ingram, a Cambridge, ya gano a 1956 da 1957 cewa bambancin wuri ɗaya ne tak a jikin furotin ɗin. A matakin DNA, inda ya kamata a karanta GAG an sami GTG: harafi ɗaya cikin kusan biliyan uku. Binciken Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan asalin Nijeriya, a 2018 ya kiyasta cewa sauyin ya faru sau ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara ke da ruwa da ciyawa. Da zarar irin wannan sauyi ya zauna a tufkokin biyu, T na riƙe da A yadda ya kamata, mai duba ba shi da abin da zai gani a matsayin kuskure. Amincin kwafin ne ya kawo wannan sauyi, wato S ɗin takardar gwaji, har gidajenmu. Zazzaɓin cizon sauro kuma ya yawaita shi: Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai AS yana da kariya daga tsananin zazzaɓin. A binciken Garki, cikin Jigawa ta yau, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi daga 1969 zuwa 1976, Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokansa sun tarar kusan biyu cikin ɗari na jarirai SS ne, amma da wuya a same su cikin manyan yara. Waɗannan su ne 'ya'yan da ake binnewa ana cewa wabi. Kowanne cikinsu ya karɓi S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, don haka ɗora wa mace laifi ita kaɗai zalunci ne.

Wani zai ce ina ruwan mai neman kuɗin magani a Babban Asibitin Mubi da sunayen inzayim, ai wannan karatun masu ƙoshi ne. Tarihin da kansa ya amsa. Kary Mullis ya yi tunanin a sa folimares ya yi ta kwafar guntun DNA a cikin kwalba har ya yawaita a iya ganinsa, dabarar da ake kira PCR, kuma takardar farko da aka buga a kanta a 1985 ta gano sikila ce. A 1988 aka koma amfani da folimares na wata ƙwayar halitta da Thomas Brock ya samo a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, saboda zafi ba ya lalata shi. Da wannan dabara aka yi gwajin korona a Nijeriya a 2020, da ita ake tabbatar da zazzaɓin Lassa. Ɗalibin Jami'ar Jihar Adamawa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi da yake haddace helikes da liges don jarrabawa, kayan aikin asibitin garinsu yake karantawa.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi: an sha ganin wanda aka ce masa AA a wani wuri, aka ce AS a wani. Gaskiya ne, kuma ba a raina shi. Gwajin da aka saba yi furotin na jini yake dubawa, kuma lalacewar kayan aiki, ko ƙarin jini da aka yi wa mutum kwanan nan, ko sakacin ma'aikaci na iya ɓata sakamako. Amma abin da ya sauya takarda ce. Haruffan da aka haifi mutum da su ba sa sauyawa da abinci ko jiƙo ko shekaru, don haka maganin shakka shi ne a sake gwaji a wurin da aka amince da shi, tun kafin zukata su shaƙu. Masu cewa gwaji ja-in-ja ne da ƙaddara kuwa, ba su hana kowa duba rijiya kafin ya sha ba, kuma malamai da yawa a Arewa su ne kan gaba wajen neman takardar kafin ɗaurin aure. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne mayar da AS abin gori, alhali kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya haka suke, lafiyarsu lau, kuma aurensu da mai AA ba ya haifar da SS.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma lissafin sabo ne a kowace haihuwa. Samun lafiyayyu uku ba ya nufin na huɗu ne zai kamu, haihuwar mai sikila ɗaya kuma ba ta kare masu biyo baya. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da ke gyara DNA na ɓargon majinyaci, wanda a Amurka aka sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. A Nijeriya kuwa, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila kowace shekara.