Amodari da Sauran Cututtukan Ido a Ƙasar Kutus: Waiwaye a kan Tarihi

1. Gabatarwa

Kelle ita ce mazaunin sarautar Kutus, a arewa da Gure, cikin jahar Damagaram. Ƙasa ce ta duwatsu da rairayi, inda Dagara da Hausawa ke noman gero, Fulani da Tubawa da Buzaye kuma ke kiwo. Damina gajera ce, rijiyoyi na da zurfi. A wannan maƙala muna son mu duba yadda aka fuskanci ciwon ido a wannan yanki tun daga shigowar Faransawa, musamman amodari. Ra'ayinmu shi ne, abin da ya jinkirta yaƙi da wannan cuta ya fi alaƙa da irin cututtukan da hukuma ta zaɓi ta ƙidaya, fiye da yadda yake da alaƙa da rashin magani.

2. Abin da jama'a suka sani

Harshen Hausa ya rarrabe cututtukan ido tun kafin zuwan likitan Nasara. Akwai yana, wadda ke rufe ganin tsofaffi sannu a hankali. Akwai hakiya, wato farin tabon da ke zama a kan baƙin ido bayan ƙyanda ko rauni. Akwai dundumi, rashin gani da zarar rana ta faɗi, wanda ke addabar yara da masu juna biyu a ƙarshen rani, lokacin da nono da ganye suka yi ƙaranci. Daga baya aka samu Afolo, jan idon da ya ɓarke a Gana a 1969, shekarar da kumbon Amurka mai wannan suna ya sauka a wata.

Kowanne da yadda ake bi da shi. Ana sa kwalli don ado da kuma kariya, ko da yake tsinken kwallin da ƴan gida ɗaya ke amfani da shi tare yana iya ɗaukar cuta daga ido zuwa ido. Ita kuwa yana, masu magani ne da ke yawo daga kasuwa zuwa kasuwa ke soka wani tsinin ƙarfe su tura ta zuwa bayan ido. Haske yakan dawo nan take, shi ya sa sana'ar ta daɗe, amma sau da yawa idon yakan mutu daga baya. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, ta wannan hanya aka taɓa su. Masu wannan aiki ba su san iyaka ba, kamar yadda marasa lafiyar Damagaram su ma suka daɗe suna tsallakawa zuwa asibitin ido na mishan da aka buɗe a Kano a 1943.

3. Zamanin mulkin mallaka

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka kafa ma'aikatar kula da lafiyar ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma a 1905, da makarantar likitoci a Dakar a 1918. Hankalinsu ya fi karkata ga cututtukan da ke kashe mutane da yawa a lokaci guda, ko waɗanda ke rage ƴan aikin tilas da masu biyan haraji: agana, sanƙarau, shawara, ciwon barci. Amodari ba ya kisa. Ba ya zuwa da annoba. Tsohuwar da ta makance a wani ƙauyen Kutus ba ta rage kuɗin da kwamandan Gure zai tara ba. Sai a 1953 aka buɗe cibiyar nazarin cututtukan ido ta IOTA, ita ma a Bamako, nesa ƙwarai da gabashin Nijar.

Ya kamata a yi wa likitocin lokacin adalci. An fara ganin alamun ƙwayar cutar a madubin likita a 1907, amma sai a tsakiyar shekarun 1950 masanin nan na Sin, Tang Feifan, ya iya ware ta ya raine ta. Kafin samuwar man tetarasaikilin, an daɗe ana dogaro da goge fatar ido da magunguna masu zafi.

4. Yadda cutar ke aiki

Sai an fahimci tafiyar amodari za a gane dalilin da ya sa ya samu gindin zama a wuri irin Kelle. Ƙwayar Chlamydia trachomatis tana zama ne a idon ƙananan yara. Tana bin kwantsa da majina, ta hannu, ta gefen zanen da uwa ke share fuskar ɗa, da kuma ta wani ƙaramin ƙuda mai son ido, wanda ya fi yin ƙwai a kan bayan gidan mutum da aka bari a fili. Kamuwa ɗaya ba ta makantarwa. Yawan maimaituwa shekara da shekaru ne ke barin tabo a cikin fatar ido ta sama, tabon ya janye fatar, gashin ido ya juya ciki yana gogar baƙin ido a duk ƙiftawa. Nan ne za ka ga dattijuwa da matsefata a rataye, tana tuge gashin, shi kuwa yana sake tsirowa. Mata sun fi maza kaiwa wannan mataki kusan ninki biyu, domin su ke tare da yara.

Ga kuma maganar ruwa. Matar da ta yi tafiya mai nisa, ta ja guga daga rijiya mai gaba da yawa, za ta raba tulun tsakanin sha da girki da ƴan awaki. Wanke fuskar yara biyar sau biyu a yini yana zuwa ne a ƙarshen lissafi. Masu wa'azin tsabta da suka riƙa kiran wannan jahilci, a ganinmu ba su taɓa yin wannan lissafi ba.

5. Daga ƴancin kai zuwa ƙidayar 1997

Bayan 1960 Nijar ta gwada horar da ƴan agajin ƙauye da ungozomomi, tsarin da ya faro a yankin Maradi, aka ba su akwatin magani mai ɗauke da nibakin da asfirin da maganin ido. Da aka shigo da tsarin biyan kuɗin magani bayan taron Bamako na 1987, ga kuma karyewar darajar sefa a Janairun 1994, sai man ido ya zama abin saye, alhali ana son a shafa shi sau biyu a yini har sati shida. Gida nawa ne zai kai ƙarshen wannan?

A wannan tsakani, babban kuɗin duniya na yaƙi da makanta ya tafi ga makantar rafi, wadda shirinta ya gudana daga 1974 zuwa 2002. Aikin ya yi kyau, har a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da cutar. Sai dai wannan cuta ta yammacin ƙasa ce, ta bakin ruwa mai gudu. Gabas ba ta cikin taswirar.

An kafa shirin ƙasa na yaƙi da makanta a 1987, shekarar da hukumar ta duniya ta fitar da sauƙaƙƙiyar hanyar tantance matakan amodari, wadda ma'aikacin jinya zai iya bi da tabarau mai ƙara girma kawai. Wannan ne ya sa ƙidaya ta yiwu. Binciken 1997 zuwa 1999 ya nuna kashi 44 cikin 100 na yaran ƙasar na ɗauke da cutar, kashi 1.7 na matan da suka haura shekara 15 kuma gashin idonsu ya juya. Damagaram da Difa da Maradi ne a kan gaba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1998 babban taron lafiya na duniya ya amince da dabara mai ƙafa huɗu da ake kira CHANCE da Faransanci: aikin fatar ido, magani, wanke fuska, gyaran muhalli. Kamfanin Pfizer ya ba da azitiromaisin kyauta, wanda shan sa sau ɗaya a shekara ya maye gurbin shafawar sati shida. An fara rabon a 2002 a Magarya da Matamai, Cibiyar Carter ta tallafa wa gina masai a ƙauyukan jahar, aka kuma koya wa ma'aikatan jinya yin aikin fatar ido, tun da likitocin ido ƴan ƙalilan ne kuma a birane suke. Dundumi shi ma ya samu kulawa tun 1997, da aka haɗa rabon bitamin A da rigakafin shan inna.

Abin lura ga masu nazarin tarihin wannan yanki shi ne, ana yanke shawarar raba magani ko dakatar da shi ne bisa alƙaluman gundumar lafiya, kuma ma'aunin fita daga matsala shi ne ƙasa da kashi 5 cikin 100 na yara ƴan shekara 1 zuwa 9. Ƙauyukan Kelle da zangunan makiyayanta suna narkewa ne cikin lissafin da ya haɗa su da garuruwan bakin kwalta, makiyayin da ya bi ciyawa zuwa arewa kuwa ba lallai mai ƙidaya ko mai rabo ya same shi ba. Wa'adin farko na kawar da amodari a duniya, wato 2020, ya wuce ba a cika shi ba, aka mayar da shi 2030. Gana ta kai a 2018, Gambiya a 2021, Mali da Benin a 2023.